Butar da Ke Rataye a Ɗakin Cin Abinci

A Agadas na fara sanin na bar gida. Har Maraɗi ban ji komai ba, domin mutumin Ƙaura ko Shinkafi in ya shiga Maraɗi kamar ya leƙa gidan kawunsa ne, furar ɗaya, gaisuwar ɗaya, kuɗin kawai ne suka sauya kama. Amma da na tsaya a tashar Agadas na ga yadda ake loda mutane a kan kaya, a kuma loda kaya a kan mutane, kowa ya naɗe jarkar ruwansa da tsumman buhu, sai na gane lallai na yi nisa. Ina cikin wannan hali na ɗaga kai, sai ga zakina a bayan wata tsohuwar mota, ya wangale baki yana kallona.

Nawa ne, ba tantama. Ni na zana shi a Ƙaura Namoda, can bayan tashar jirgin ƙasa inda masu ƙera bodin manyan motoci suke aiki, tun motar tana hannun wani mai sayen gero na Kasuwar Daji. Rana ta cinye gezarsa, ido ɗaya ya goge, amma na san hannuna. Na tsaya ina shafa shi kamar na ga ɗan'uwa, har Bala, abokin tafiyata, wani manomi daga Katuru, ya ja ni da riga.

"Kai Lawali, mi kaka yi haka? Mutane na kallon ka, cewa za su yi ba ka da lahiya."

Sana'ata ke nan kafin in fito, zanen motoci da allunan masu aski. Zaki, dawisu, mikiya ta suri maciji, ɗan dambe ya ɗaga hannu, duk na iya. Kowanne kuma sai na zagaye shi da baƙin layi tsaf, na bi shi da mai ƙyalli, yadda ko daga nesa za ka ce wannan aikin Lawali ne. Ban taɓa jin nauyin abin ba sai da aka kawo Shari'a a sabuwar jiharmu. Babu wanda ya zo ya ƙwace mini buroshi, kada in ɗauki alhakin kowa. Masu motocin ne da kansu suka fara zuwa suna cewa a shafe zakin a rubuta addu'a. Sannan mahaifina, malamin zaure a Zurmi, wanda aka ɗauka aikin taimaka wa alƙali a lokacin, ya aiko in zo.

"Lawali," in ji shi, "ana ta cewa ɗan Malam shi ka yin zakunan da ag ga motoci. Ni ba ni hana ka neman abinci. Amma gobe kiyama in anka ce ka hura ma abin da kaz zana rai, kana iyawa?"

"Ba ni iyawa, Baba."

"To miƙo hannunka."

Na sa hannuna cikin nasa na yi alkawari ba zan ƙara zana abu mai rai ba. Na koma Ƙaura na zauna ina kallon gwangwanayen fentina suna bushewa. A ganina a lokacin, in an cire mai rai daga duniya me ya rage da za a zana? Turmi? Kujerar tsuguno? Rubutu kuwa kowane ɗan firamare ya iya. Na riƙe alkawari, amma ji nake kamar an yanke mini hannu. Da Bala ya zo da labarin cewa Larabawan Aljeriya suna ta gine-gine suna neman masu shafa fenti, sai na ce to, bango dai ba shi da rai.

Mutumin da ya karɓi kuɗin motarmu a Agadas ya rantse har da dafa ƙirji cewa ba zai tsaya ba sai Tamanrasat, cikin Aljeriya. A Arlit, tun ba mu fita Nijar ba, ya sauke mu a gindin wata katanga, ya ce mu jira shi zai je shan mai. Har yau da nake wannan rubutu bai gama shan man ba.

Mun daɗe a Arlit, har muka san karnukan garin da sunayensu. Bala, da yake bakinsa ba ya riƙe magana, ya bi tasha yana tallata ni, har wani direba ya ce zai kwashe mu mu biyu ba ko sisi, in dai na zana masa barewa a ƙofar mota. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na riga na ga barewar a idona, ta ɗaga ƙafa ɗaya.

"Barewa ɗai ta hwa!" in ji Bala, kamar zai yi kuka. "Wa ka ganin ka nan? Malam na Zurmi, mu muna bakin duniya."

"Hannu nib ba shi, Bala."

Ya yi fushi ya daina yi mini magana, amma bai daina cin garin kwakina ba. Da dakon buhunan dabino muka samu wurin zama a bayan wata mota. Ranar da za mu tashi, wani tsoho Buzu mai shayi da muke zama a inuwarsa ya kalli kaina ba komai sai hula, ya girgiza kai, ya yago rabin rawaninsa ya naɗa mini da hannunsa. Kalma ɗaya ya sani a Hausa, "sannu," da ita muka yi duk hirar da muka yi, da ita kuma muka rabu.

Hamada ba zan ce komai a kanta ba sai wannan: na shiga ina ganin na san ƙishirwa, na fita ina ba randar gidanmu haƙuri. A Tamanrasat Bala ya samu wani lambu da ake neman mai ban ruwa. Manomi ya ga ƙasa da ruwa, shi ke nan, ko da igiya ba ka jan sa gaba. Muka yi bankwana, ya yafe mini barewa, na yafe masa gari, na ci gaba arewa ni kaɗai.

Larabcin zauren Malam ya yi mini rana, ko da yake ba yadda na zata ba. In na buɗe baki a kasuwa zan tambayi burodi, sai mutane su nutsu kamar an fara huɗubar Juma'a, in na kai ƙarshe su fashe da dariya. Wani mai burodi a Gardaya har maƙwabtansa ya kirawo in maimaita, sannan ya cika mini leda ya ƙi karɓar komai. Daga nan na gane ba zan kwana da yunwa a ƙasar ba muddin ina da baki.

Aljas, babban birnin ƙasar, gari ne da aka jingina da dutse yana kallon teku. Duk inda za ka sai ka hau matakala, in ka dawo ma, ban san yadda suke yi ba, sai ka sake hawa. Ga sanyi, ga ruwan sama a lokacin da babu mai shuka. Ina kwana a wani kangon bene tare da wasu baƙaƙen fata, in an ce ga 'yan sanda kowa ya kama gabansa. Wani ɗan kwangila ya sa na shafe masa gida guda, ranar biya ya zama iska. A kwanakin nan na yi kewar gida ƙwarai, kewa irin ta kuka. Ba manyan abubuwa nake tunawa ba. Tuwon dawa da miyar kuka, kukan jirgi in ya shigo Ƙaura, da muryar innata tana faɗa da akuya.

Tukunyar gas ce ta haɗa ni da Lalla Zuhura. Lalla shi ne yadda suke kiran dattijuwa mai mutunci, kamar mu ce Hajiya. Na same ta a gindin matakala tana hararar tukunyar kamar za ta hau da kanta, na saɓa na kai mata har ƙofa. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ga fenti a ƙarƙashin farce, ta ce gidanta yana son shafe. Da ta ji inda nake kwana sai ta buɗe mini wani ɗan ɗaki a kan rufi, inda take shanya. Gajeruwa ce mai faɗa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna ƙetaren teku. Ba ta taɓa tambayata takarda ba, abin da take tambaya kullum shi ne ko na ci abinci.

Ranar da na shiga ɗakin cin abincinta da tsani da bokiti, sai na yi turus. A bango, daidai saman teburin da ake ci, an rataye zanen buta. Buta dai, mai dogon baki da mariƙi. A garinmu buta wurinta bakin rariya ne ko hanyar bayan gida, ko yaro ya san ba a kusantar da ita da akushi. Na ce a raina, waɗannan mutane Allah ya ba su teku ya rage musu wani abu.

Da na matsa kusa don in sauke shi kafin in fara aiki, sai abin ya ƙara ba ni haushi, wannan karon haushin sana'a. Babu layi ko ɗaya. Caɓe-caɓen fenti ne kawai, kamar kaji sun taka gwangwani sun bi ta kai. Jikin butar ga kore, ga ja, ga ruwan ƙwai, inuwarta kuma shuɗiya har da ruwan makuba. Wa ya taɓa ganin shuɗiyar inuwa? Ga wani abu a gefe da na kasa gane ko lemo ne ko ƙwallo. Sai tausayin tsohuwar ya kama ni.

"Lalla," na ce, da Larabcina na huɗuba, "wanda ya yi miki wannan aiki ya cuce ki. Bai gama ba ya gudu. Ni ma an yi mini irin haka a Arlit. In kin yarda, in na gama bango sai in zagaye miki butar da baƙi in bi ta da mai ƙyalli. Kyauta."

Ban san tsohuwa tana da sauri haka ba. Kafin in rufe baki ta fizge buroshin daga hannuna ta ɓoye a bayanta.

"Ka taɓa shi, in jefa ka teku da hannuna!"

Sannan dariya ta kama ta, har sai da ta nemi kujera. Da na ƙara da bayanin inda buta take zama a garinmu, sai da na ɗebo mata ruwa. Ta ce wannan ta shayi ce, ta uwar mijinta. Wani Bature ne da ya taɓa zama a ɗakin da nake ciki, tun zamanin da, ya yi ciwo surukarta ta yi jinyarsa, da ya warke ya zana mata butarta.

"Buta kawai?" na ce. "Me ya hana ya zana ita kanta?"

"Yaushe za ta zauna a zana ta? Tana da aiki. Jeka ka yi naka, in an yi la'asar ka dawo."

Da la'asar ta ajiye mini kujera can ƙarshen ɗakin, jikin ƙofa, ta miƙo mini shayi ta ce in rufe bakina in buɗe idona. Na zauna don kada in yi mata musu. Ina kurɓa ina kallo, ina kurɓa ina kallo, sai caɓe-caɓen nan suka fara haɗuwa da kansu. Butar ta taso ta yi ciki, ta yi nauyi, har na ga inda ta lotsa a gefe. Abin da na ce ƙwallo ne ashe lemon tsami ne an yanka, yana jiƙe. Wani ɗigon farin fenti da na so in kankare da farce, shi ne hasken taga a kafaɗar butar. Wallahi sai na ji kamar in na kai hannu za ta ƙona ni.

Lalla ta shiga kicin ta fito da butar kanta, ta jan ƙarfe, duk ta tsufa, ta dire a kan tebur inda rana take shigowa. Ta ce in gaya mata launinta. Na ce ja ce mana. Ta ce in sake dubawa. Na duba, sai ga kore a gindinta inda labule ya haska, ga ruwan ƙwai a wuya, inuwarta kuwa a kan farin ƙyallen tebur shuɗiya ce shar. Na nemi baƙin layin da na yi shekaru ina zagaye duniya da shi, babu shi a jikinta ko kaɗan. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Daga ranar na zama abin tsoro a gidan. Sai ta same ni na tsura wa albasa ido, ko tsintsiya, ko kwanon wanki. Kullum la'asar ina kan kujerar nan. Abin da ya fi kama ni shi ne mutumin bai raina butar ba. Ya zauna gabanta ya ba ta lokacinsa kamar yadda nake ba zaki, ya kuma bar lotsawar a inda take. In ka daɗe kana kallo sai ka san akwai wata mace da ta ɗora ta a wuta safe da yamma har mariƙin ya yi santsi, ko da yake ba ka gan ta ba.

Ana haka, da na kusa gama aikin gidan, Lalla ta zo mini da wani ɗan hoto da bai fi kan babban yatsa ba, ya koɗe har fuskar ta kusa ɓacewa. Mijinta ne, Si Ammar, ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage mata.

"Ɗana," ta ce, ba faɗa a muryarta ko kaɗan, "ka ce kana zana zaki. Wanda ya iya zaki zai iya tsoho. Ka yi mini shi babba kafin ya gama gogewa."

Barewar Arlit wasa ce a kan wannan. Can direba ne da ban sani ba. Nan kuwa matar da ta ɗauke ni daga kango ce, ta ba ni ɗaki da bargo, ba ta taɓa roƙona komai ba sai yau. Na sunkuyar da kai na gaya mata labarin Malam da hannun da na ba shi. Ta mayar da hoton cikin ƙyallensa a hankali.

"Ka kyauta wa babanka," ta ce.

Da yamma miyata ta hau rufi kamar kullum, har da ƙarin nama. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ci ina jin kaina butulu, na kuma san ko ta sake roƙo ba zan yi ba.

Ɗakin marigayin ne na ƙarshe a shafe. Ina jan gado don in kai ga bango, sai ga takalmansa na zaman gida a ƙasa, irin na fata ruwan ƙwai da tsofaffinsu suke sawa, an take dugadugan sun kwanta, na hagun ya cinye ta gefe ɗaya. Na ɗauka zan ajiye a gefe, sai na tsaya da su a hannu. A garinmu in ka ga takalmi a bakin ƙofa ka san mai shi yana ciki. Ba ka buƙatar ganin fuskarsa. Yara su daina guje-guje, mata su rage murya, baƙo ya tsaya ya yi sallama.

Na samo wani falanki, na kwashi ragowar fentin bango na hau rufi. Gwangwanin baƙi kuwa na kai shi can bayan tankin ruwa na ɗora masa dutse, don na san halin hannuna. Da farko na jera takalman tsaf, na zana, suka fito kamar na kanti, ba kowa a cikinsu. Na shafe. Na sake, na sake shafewa. Rannan dabara ta zo mini, na nemi gafarar mamaci na zura ƙafafuna ciki, na yi 'yan taku, na zame su a bakin ƙofa kamar mai sauri. Saboda cinyewar nan ta gefe, na hagun ya karkace ya hau kan na dama. Na bar su haka. Kowace safiya in rana ta leƙo, sai in ɗan ɗiga fenti in ja da baya har jikin igiyar shanya in duba, in dawo in ƙara. Inuwar ta fito shuɗiya, na bar ta. Rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina yaro.

Da ya bushe na sauko da shi, na jingina a bangon ɗakin cin abinci na kira ta. Ta shigo tana goge hannu, ta kalle shi, ta ja da baya da kanta har ƙofa. Har na fara shirin ba da haƙuri.

"Haka yake zubar da su," ta ce. "Shekara da shekaru ina cewa ya jera su kamar mutum, bai taɓa ji ba."

Sai ta fashe da dariya tana share ido da bakin mayafi, dariyar na ƙaruwa hawayen na ƙaruwa. Na ɗauko guduma zan kafa shi kusa da butar, ta ce a'a. Ta kai ni ƙofar ɗakin mijin, ta nuna mini can ƙasa, dab da daɓe, ta ce nan ne wurinsu. Daga ranar in za ta wuce ta nan, ko faɗa take yi da ni, sai ta sassauta murya.

Na zauna a gidan har sanyi ya wuce, maƙwabta suka fara aiko mini da turmin kofi da fitilun kakanninsu in zana musu. Ranar da zan kamo hanyar gida na rataya jaka na durƙusa na yi wa Lalla bankwana. Ta cusa mini ƙunshin dabino, ta yi mini faɗa a kan rigar sanyi, sannan ta nuna ƙofar ɗakin mijinta da haɓa.

"Shi fa? Haka za ka fita?"

Ni na zana takalman nan da hannuna, da ragowar fentin bango, na sani sarai. Na je na tsaya a gabansu, na cire nawa takalman, na yi sallama, na ce Si Ammar, ni zan koma gida.